Buzun Baffa ya hana ni ɗaukar jikana

Assalamu alaikum jama'a. Masu tambaya ina na shige tun kafin damina, ga ni da rai. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yamma na yaƙi da jahilci na koyi boko, da gemuna.

Allah ya ba ni jika namiji. 'Yata Maryama ce ta haihu, haihuwar fari, ta zo gida wankan jego nan unguwar Fadaman Mada. Amma har aka yi suna aka watse, ban ɗauke shi ba.

Tun cikinta ya tsufa na tuna da buzun mahaifina, wanda muke kira Baffa. Fatar ragon sunana ce, shi ya jeme ta da hannunsa tun zamanin Turawa, muna ruga. Shekarar da aka samu 'yancin kai muka shigo Bauchi, shanu sun ƙare, buzun na rataye a kafaɗarsa. Ina tuna 'yan makaranta suna wucewa da ƙananan tutoci, ni ina raɓe a gefen buzun ina kallo, Baffa yana jan carbi bai ko ɗaga kai ba.

Da ya rasu aka naɗe buzun aka cusa a saman rufin tsohon ɗakinsa a unguwar Ɗan Iya, inda tattabaru suka yi sheƙa. Na hau keke na je na sauko da shi. Burina in zauna a kansa ranar suna, jikana a cinyata.

Da na warware shi, ƙamshin Baffa na nan, hayaƙin itace da man shanu. Na koma yin sallah a kai.

Ba a jima ba ƙaiƙayi ya fara. Goshi, gwiwoyi, bayan ƙafa. Sai ƙuraje jajaye. Ina susa har jini.

Matata Hajiya ta ce kuɗin cizo ne, aka fitar da katifa rana, ba a ga komai ba. Mai kemis ya ce ƙazuwa ce, ya ba ni man shafawa. Kamar ina ƙara wa wuta itace.

Ana cikin haka aka haihu. Hajiya ta tare ƙofa.

"Malam, daga nan. Kada ka shafa wa angona wannan abin."

Na ce, "Daga zuwansa har ya ƙwace mini mata?"

Muka yi dariya, amma da na koma zaure sai da na share ido. Kukansa kawai nake ji ta katanga. Na san kukan yunwa, na san na wanka, ban san nauyinsa ba.

Ranar suna na zauna a kan buzun kamar yadda na yi niyya, can gefe, ina gaisawa da mutane ba musabaha.

Asibiti kuwa na sha layi. An ɗibi jini, an duba suga, an kankare fatata an kai ɗakin gwaji. Kowane gwaji da kuɗinsa, kowane sakamako lafiya lau. Wannan ya fi tsorata ni. Baffa bai ga ɗana ko ɗaya ba, na fara tunanin ni ma daga nesa zan yi sallama da nawa jikan.

Sai aka tura ni wajen likitar fata. Ta daɗe tana kallon goshina da gwiwoyina.

"Baba, a kan me kake sallah?"

Na gaya mata. Ta ce in kawo.

Ta shimfiɗa farar takarda ta kakkaɓe buzun a kai. Gashi ya zube, tare da wasu 'yan tsutsotsi masu gashi-gashi, da ƙananan ƙwari masu zane a baya, ba su kai ƙwayar dawa ba.

Ta ce ba cizo suke yi ba, gashin tsutsar ne jikina bai so. Abincinsu fata ne da ulu da gashin tsuntsu. Manyan suna tashi, su shigo ta taga ko a jikin fure, su yi ƙwai a sheƙar tsuntsaye da tsohon kaya. Ko kuma mutum ya ɗauko su da hannunsa, kamar ni.

"To ina iya shafa wa jariri?"

"Ciwon ba ya yaɗuwa, Baba. Amma buzun nan sun cinye shi ta ciki. In ya zauna, za su bi dardumomi su kai ɗakin mai jego."

Na tambaya ko a shanya shi a rana. Ta ɗaga shi, haske na ratsa ramukan.

Ban iya ƙona shi ba. Na haƙa rami a bayan gida na binne, na yi wa Baffa addu'a. Aka share ɗakuna, aka wanke kayana da ruwan zafi, na sha magani. Ƙurajen suka bushe a hankali.

Ranar da Maryama ta miƙo mini jaririn, kanta a sunkuye ta ce, "Baba, ga abokinka." Ya riga ya fara riƙe wuya. Ya damƙi gemuna ya ƙi saki, ni ma ban nemi ya saki ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likita, na gode wa Hajiya da ta tsare ƙofa, na gode muku da addu'a.

Shawarata: duk tsohon buzu ko bargon ulu da ya daɗe a ajiye, a kakkaɓe shi a waje a duba kafin ya shiga ɗaki. A cire sheƙar tsuntsu daga rufi. Ƙaiƙayin da ya ƙi magani kuma, a kai shi ga likitan fata da wuri.

Kwana arba'in ta kusa, za su koma gidansu. Kafin nan, duk mai nemana ya same ni a tsakar gida, hannuna ba wuri.