Sun Yi Tsere a Kan Binnen Inna

Shekarar da aka yi babban fari na biyu, Baba ya rasu, shanunmu suka bi shi, muka rage daga ni sai Inna a wani ƙauye tsakanin Tanut da Gangara. Ina budurwa a lokacin. Mun ci anza har bakinmu ya daina jin ɗacinta, mun ci dusa, amma akwai wani tulu a ƙuryar ɗaki da Inna ta liƙe bakinsa da laka, ta ce wanda ya taɓa shi bai gaji Baba ba. Irin gero ne a ciki, gauraye da toka saboda ƙwari, ɗan gajeren geron Damargu mai nuna da wuri, wanda kakana ya bar wa Baba. Sau da yawa nakan kwanta da yunwa ina harar tulun nan kamar shi ya kashe mana shanu.

Da bazara ta yi nisa, Inna ta fasa lakar, muka yi binne. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, a bar wa Allah sauran. Ita tana gaba da sungumi tana sara, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Gonarmu ce ta bakin hanya, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari. Bayan 'yan kwanaki aka yi yayyafi mai ɗan ƙarfi, sai ga tsiro ya leƙo siriri kamar allura, wanda in ba ka sunkuya ba ba za ka gan shi ba.

Ana cikin haka wata mota ta zo da wasu ma'aikatan furoje, wato shirin agaji, har da anasara biyu. Wai za su shirya tseren keke daga Tanut zuwa ƙauyenmu, ma'aikatan bariki su sa kuɗi, a sayi abinci a raba wa waɗanda fari ya ɗaiɗaita. Suna neman fili mai kyau inda za a kafa rumfa, 'yan tsere su ƙare gudu a nan. Suka tsaya a bakin hanya, suka nuna gonarmu. Ban taɓa zarginsu sosai ba. Baƙo ko da ido makaho ne, rairayi kawai suka gani. Amma a cikin masu rakiyarsu akwai Kawu, ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake ɗan aiken maigari, kuma da idonsa ya gan mu muna shukar nan.

Inna ta same shi a zaure, ina biye da ita.

"Kai, ba ka faɗa musu akwai binne a wurin ba?"

"Yaya, ki yi haƙuri, yini ɗaya ne. In muka ce su matsa, kamiyon, babbar motar da za ta kawo abincin, wani gari za ta yi, da buhunan duka. Kina son a ce ke kika hana gari ci?"

"To tsiron fa?"

"Za a kiyaye. Kowa manomi ne, ai kowa ya san layi."

Ranar tseren gari ya cika, har Buzaye da Fulanin da suka yi sansani kusa da rijiya sun zo. Da farko kuwa an kiyaye, wannan ba zan ci haƙƙin kowa ba. Ka ga dattijo yana tafiya yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, yana kallon ƙasa, mata suna jan yara su tsaya tsakanin layi. Ni da Inna muna zagawa muna cewa a yi sannu. Sai dai an riga an haƙa ramukan rumfa, kamiyo kuma ta shiga har tsakiyar gonar ta juya.

Tseren kansa abin dariya ne ga wanda yake da sauran dariya. Wa ya gaya musu ana tuƙa keke a rairayin Damargu? Tsidau ya gama da tayoyinsu tun a hanya. Da rana ta take aka hango su, rabinsu keken ne ya hau su, sun saɓo shi a kafaɗa suna haki. Wani akawu mai tumbi ma a bayan jaki aka kawo shi. Amma biyu na gaba sun taho a kan kekunansu kafaɗa da kafaɗa, maroƙi ya saki murya, makaɗa suka ɗauka, sai jama'a ta ɓarke da gudu zuwa rumfa. Daga nan babu wanda ya sake kallon ƙasa. Na ga maƙwabciyarmu, wadda Inna ta yi wa ungozoma, tana tsalle tana guɗa a kan layin da na rufe da ƙafata. Masu raƙuma su ma suka kutso don su gani da kyau.

Da aka zo rabo, Inna aka fara kira, wai ita ce mai takaba kuma mai masauki. Aka tafa mata. Anasara ɗaya ya buɗe buhu ya zuba mata a ƙwarya, ɗayan yana ɗaukar foto. Ɓarzajjiyar masara ce, ja, ta ƙasashen waje. Inna ta ɗebo ta murza a tafin hannu, ta daɗe tana dubawa, ta dubi malamin makaranta da yake tafinta, wanda muke kira mushen lakwal.

"Malam, tambaye shi, wannan tana tsira?"

Kafin ya buɗe baki Kawu ya matso yana murmushi.

"Mushe, ce masa ta gode."

Haka aka faɗa masa, shi kuma ya yi farin ciki, ya kama hannunta ya girgiza.

Washegari muka bi gonar a durƙushe. Abin da bai karye ba an tone shi, abin da aka tone zabi da kurciyoyi sun riga mu. Babu mai sauran iri a gari, kowa ya zuba nasa a ƙasa. Daga baya aka kawo wani na kudu mai jinkirin nuna, muka shuka, ya yi kara har ya fi ni tsawo, ruwa ya ɗauke bai fitar da kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau, daminar da ta biyo bayan farin ta yi kyau. Gonakin gari suka cika, waɗanda suka yi rawa a tamu suka ɗaure dammuna, suna aiko mana da zakka ta hannun Kawu. Inna takan karɓa ta yi godiya. Tulun nan kuwa ta wanke shi ta kife a bayan ɗaki, ko ruwa ba ta yarda an sake zubawa a ciki ba har ta rasu.