Karfasar Malam Mijinyawa

Malam Mijinyawa ɗan masunci ne daga Dandin Mahe, amma alli ya riƙe shekara ashirin da bakwai a wata firamare cikin Bodinga. Bai gaji taru ba, ido ya gada. Kifi ya gifta sau ɗaya, zai gaya maka asalinsa.

Shekarar da injinan ban-ruwan albasa suka zuƙe tafkin bayan garinsu, inda mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana su, Malam ya shiga taɓo har gwiwa ya kwaso karfasa tara a bokiti. Ya sa mai gyaran taga ya haɗa masa akwatin gilashi, ya girka a zaure da ɗan injin iska mai aiki da sola. Kifayen ba su da wani kyau, toka-toka ne, sai ratsi siri-siri da ya jeru a wutsiya. Wannan ratsin shi ne shaidar 'yan tafkin. Burinsa guda ne: ranar da tafkin ya sake cika, ya mayar da jikokinsu gida. Shekara shida yana wannan hidima, maƙwabta na tsokanarsa da mai gadin miya.

Wata Juma'a surukinsa Alhaji Tukur, mahaifin matarsa Zulai, ya dawo daga Sakkwato da leda cike da ruwa, jajayen karfasa biyu na juyi a ciki.

"Waɗanga naka sun cika muni, Mijinyawa. Ga masu kyau na kawo ma. Zuba su in gani."

Kallo ɗaya Malam ya gane su. Ruwa-biyu ne, haɗin gidan gona, kuma duka maza. Ya san sarai abin da zai biyo baya. To amma mutumin da tun aurensa bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa kama sunansa ba, da wane baki zai ce a'a? Ya durƙusa.

"Allah shi saka da alheri, Baba."

Da hannunsa ya kwance ledar.

Ya so ya tsame su washegari, sai Alhaji ya mai da zauren wurin hira. Kullum bayan la'asar yana nan da abokansa, yana nuna musu "kifina". Zulai ma ta ce, "In ka fidda su, Malam, mi za ni ce mai?"

Jajayen suka yi ta dukan mazan tafki har suka ƙare. Matan suka ɗauki ƙwai a baki kamar yadda suka saba, suka tofo 'ya'ya dabbare-dabbare, ratsinsu a kakkarye. Malam ya yi ta tsamo su ɗaya-ɗaya yana duba wutsiya, ko guda mai cikakken ratsi bai samu ba. Ranar da tsohuwar macen ƙarshe ta mutu ta taso ciki sama, ya yi kuka, ya kasa cin tuwo.

Damanar bana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka aiko daga Dandin Mahe da albishir cewa tafki ya cika maƙil. Alhaji na zaune saƙon ya iso, ya washe baki.

"To ga burinka ya cika. Tashi ka kwashe su, mota tana waje."

Malam ya dubi akwatin. Kifi sun fi sittin, babu ɗan tafki ko ɗaya a cikinsu.

"To, Baba," in ji shi, ya tafi ɗauko bokiti.