Bulus da Jar Fitila

Bulus mutumin Kafanchan ne. Shekararsa goma sha ɗaya yana haya a gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, shi da matarsa Ladi, malamar firamare. Dogo ne siriri, ba ya faɗa, ba ya tsegumi, har na daɗe ina zaton wayo ne bai ishe shi ba.

Aikin intanet yake yi. Kamfaninsu yana da wani ƙaton akwatin ƙarfe a bakin titi a Tarauni, daga nan wayoyi suke shiga gidajen mutane, kowane gida da ɗan akwatinsa mai koriyar fitila. Namu yana ɗakina saboda jikata Sumayya mai karatun nas.

Bara aka ce za a sabunta manhajar akwatunan. Na ce, mece ce kuma manhaja?

Ya ce, "Inna, hankalin akwatin ke nan. Babban zai karɓi sabo, sai ya tura wa ƙananan. Minti ashirin ne. Amma in wuta ta yanke wa ƙarami yana tsakiyar karɓa, ya mutu."

Da unguwar Darmanawa suka fara, da hantsi, lokacin masu gida suna wurin aiki. Kamfani ya tura wa kowa saƙo a waya cewa kada a kashe akwatin. Akwati goma sha bakwai suka mutu rana guda, alhali gidajen duk masu sola ne. Ogansa ya ce in aka maimaita a Gyaɗi-Gyaɗi ranar Talata, ya ajiye musu babur ɗinsu ya kama gabansa.

Bulus ya dawo, ko tuwon Ladi bai kalla ba. Na tsare shi a tsakar gida.

"In akwatin yana karɓa, me yake yi?"

"Fitilar takan koma ja, ta yi ta ƙyaftawa."

"Wa kuka tura wa saƙon?"

"Masu gida."

"Wa yake gida da hantsi?"



Na ce, "Mu ne, ɗan nan, tsofaffi. Duk matar da wutar NEPA ta taɓa ƙona wa firji, in ta ga jar fitila, filogi za ta zare kafin ta yi salati. Ni ma da zarewa zan yi, in zauna jiran godiya. Duk karatun nan naku, ba wanda yake da kaka?"

A nan na gane wayonsa. Bai yi musu ba. Kwana huɗu yana bin gidaje sittin da biyu, in ya yi sallama ba ya neman maigida, sai ya ce Innar gidan yake nema. Ya durƙusa ya gaishe ta har ya tambayi ciwon gwiwa, ya nuna mata jar fitilar a wayarsa, sannan ya liƙe soket ɗin da salatef a gabanta.

Hajiya Binta ta layin bayanmu ce kawai ta ƙi. Ta ce, "Gidana ya kama da wuta, kai za ka gina mini?"

Ran Talata Bulus yana can Tarauni wajen babban akwatin, ni kuwa na ɗauki hijabina na tafi gidanta. Fitila tana yin ja Binta ta miƙe. Na riƙe mata zani.

"Sake ni!"

"Zauna, Binta. Shekara arba'in kina zare filogi, yau ki huta."

Minti ashirin tana zagina ina ramawa, har fitilar ta koma koriya.

Bayan la'asar Bulus ya shigo a kan babur, baki har kunne.

"Inna, duka sun tashi! Ko ɗaya bai mutu ba. Oga ya ce ni zan ja aikin Hotoro." Ya sosa ƙeya. "Ko kina da ƙawaye a can?"

Na ce, "Akwai uku. Biyu ba ma magana, amma ka zo da goro."