Manzo, Takardarka Ba Laya Ba Ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Maris 1995, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Manzo Illa, mai buga takardu a bakin kasuwar Tawa, bayan gajeriyar jinya.

Manzo, ina rubutun nan raina a ɓace, kuma ba mutuwa ce ta ɓata shi ba, ita dole ce.

Lokacin Taron Ƙasa kowa ya kasa kunne ga Yamai, amma da an tada injin wutar mai walda sai rediyon unguwarmu su kama ƙara. Kai ka daka baƙin sandan da ke cikin mataccen batir, ka kwaɓa da ƙaro, ka buga shi a takarda da rariyar da kake buga hotunan jam'iyyu da ita. Ka liƙa ta cikin akwatin rediyona, ka ja mata 'yar waya zuwa ƙasa. Ƙarar ta kwanta, muka ji magana. Ka yi wa gida-gida, ko na goro ba ka karɓa ba.

Sai hanyar arewa ta lalace da harbe-harbe. Direbobi suka ce abin da ya tsare rediyo zai tsare mutum. Suka ɓamɓare takardun, suka kai wa dukawa aka ɗinke a fata. Ka bi su har tasha kana cewa: "Ku ji tsoron Allah, gawayi ne da ƙaro. Ko ƙaya ba shi tarewa." Suka ce ɓoyon asiri kake. Da Sidi direba ya dawo daga Abalak lafiya da takardar a damtse, shi ke nan, ka zama boka ƙarfi da yaji, kai da ko laya ƙwaya ɗaya ba ka taɓa ratayawa ba.

Ga shi ko sadakar uku ba a yi ba, ana yi wa matarka Kaltumi sallama ana tambayar ko ka bar saura. Kunya dai ta yi ƙaranci a garin nan.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makoma. Kaltumi, Lailatu da Abdurazak, Allah ya ba ku haƙuri. Ku kuma masu shiga hanya da takardarsa a damtse, ku roƙi tsari wurin Mai tsarewa. Ku kwance ta, ku mayar cikin rediyo, ku bar bawan Allah ya kwanta da sunansa.