Mun Je Ɗauko Yafendo daga Gummi

Mun tashi daga Gusau ana sallame sallar asuba, ni da direbanmu, amma sammakon bai amfane mu da komai ba. Muna isa mahaɗar Mayanchi muka tarar motoci sun yi layi, kowa na jiran rana ta ɗaga a taru a shiga hanyar Anka tare. Haka tafiya ta koma a yankin nan, ba mai son ya ga shi kaɗai ne a kan kwalta. Na sayi ƙosai mai zafi, na koma mota ina ci ina ƙunƙunin barcin da na yi asara.

Bari in gaya muku abin da ya fito da ni. Yafendo, ƙanwar mahaifiyata, mijinta ya rasu a Gummi, ranar kuma take cika wata huɗu da kwana goma na takaba. Allah bai ba ta haihuwa ba. A danginmu, macen da ba ta da ɗa a gidan miji, ranar da ta fita takaba 'yan'uwanta ke zuwa su kwashe ta da kayanta. Kawu, yayansu da ke Anka, ya riga ya yanke cewa gidansa za ta koma. Ni kuwa ina da tawa manufar da ban gaya wa kowa ba, so nake in zarce da ita Gusau ta zauna wurina, ta shiga makarantar manya, ta huta da hayaƙin murhu.

Masu bibiyata sun san adabi nake koyarwa. Zangon nan muna karanta wasu labarai da aka gina a kan falsafar wanzuwa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta shiga kaina sosai. A taƙaice, masu ita cewa suke an kawo mutum duniya ba da shawararsa ba, amma daga nan shi ke gina kansa da abin da ya zaɓa. Ƙin zaɓa ma zaɓi ne, wanda kuma ya ce "ba yadda zan yi" sau da yawa kansa yake yaudara don ya guje wa nauyi. Cikinsu akwai masu imani da Allah, akwai marasa shi. Matan cikinsu sun ƙara da cewa mace ce aka fi yanka wa rigar da ba a gwada jikinta ba. Wata ɗalibata ta tambaye ni ina ƙaddara a cikin duk wannan, na zuba mata Turanci har aka buga ƙararrawa, ita ba ta gamsu ba, ni ma haka. Da wannan kayan a ka na shiga mota, ina jin kaina wata mai ceton mata.

Hanyar Anka da damina abin kallo ce in ka iya mantawa da ramuka. Gero ya kai gwiwa, dawa na biye, ruwa ya kwanta a kwaruruka. Wasu gonakin kuma sai ciyawa, masu su sun bar ƙauye. Shingen jami'an tsaro ban ƙirga ba, kowanne sai direba ya sauke gilashi an gaisa. Man fetur na 'yan bumburutu ya fi na Gusau tsada nesa ba kusa ba, direba ya sha kwalba biyu yana salati.

A Anka muka sami Kawu tsaye a ƙofar gida da babbar riga, gefensa a-kori-kura da ya ɗauko haya, an tanadi igiya da tamfol. Kafin ya gama sallama da iyali na tsaya wurin mai hoce, wannan gurasar dawa da ake ci da ƙuli da yaji. Nan na haɗu da wani magidanci mai shirin hawa babur zuwa Bagega haƙar zinari. Tsegumi ya sa na tambaye shi ko bai tsoron gubar dalmar da ta taɓa cinye yara a garin. Ya ce, "Hajiya, muna tsoro hwa. To mi za mu yi? Ba mu da wata sana'a." Har na buɗe baki in gaya masa ai ko yanzu zaɓa ya yi, sai na kalli takalmansa na roba da suka tsage, na kalli motata, na mayar da maganar ciki tare da hocen. Falsafar nan ta fi daɗin faɗa in ciki a cike yake.

Muka ɗauki hanya, a-kori-kura na bin mu a baya tana ƙara don ba komai a cikinta. Mun ratse Bukkuyum don ɗaukar Kaka, ƙanwar kakarmu, domin fitar takaba ba ta yiwuwa sai da tsohuwar da za ta yi wa mace kitso, ta ɗaura mata lalle, ta ba ta sabon zane. Garin shiru, amma kasuwar gefen tasha cike da gyaɗa da albasa da matan Fulani masu nono. Kaka ta shigo da ƙullin lalle da sabulun salo, ta dube ni sama da ƙasa ta ce 'yar boko ta rame, ko littattafan ne ke cin abincin. Daga nan har Gummi ba ta bar ni na huta ba.

Gummi gari ne na ruwa. Tun kafin ka shiga za ka ga fadama shimfiɗe, mutane sun duƙa cikin taɓo suna dashen shinkafa, masu kifi sun jera tarwaɗa da karfasa a bakin hanya. Na yi ciniki na ga bai kai rabin kuɗin Gusau ba, na ƙudurta sai na cika but ɗin mota a dawowa.

Muka yi sallama gidan mamacin, na shiga gaba. A bakin zaure na tsaya cak. Tsakar gidan, daga gindin rijiya har bayan ɗaki, an tone shi an yi fangali, kore shar da irin shinkafa mai tsawon taƙi. Inda fangali bai kai ba an jera tsofaffin kwanonin wanki da jarkokin da aka yanke, duk iri a ciki. Yafendo na tsugune da bokiti tana yayyafa ruwa, sanye da tsohon zanen takaba. Kaya kuwa ko tsinke ba a ɗaure ba.

Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, Kaka ta shiga da ita ta yi abin da ya kawo ta. Sai bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi Kawu ya ce a fara fito da gado, mai mota na jira. Yafendo ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba ni tahiya."

Ashe da aka zo rabon gado ta roƙi ƙannen mijinta kada su ba ta rubu'inta da kuɗi, su bar mata ɗakinta da yanki ɗaya na fadamar marigayin, suka amince. Takaba ta hana ta fita, shi ne ta jiƙa iri ta rene shi a tsakar gida, ta auna kwanakin yadda zai isa dashe daidai ranar fitarta. In ya ƙara mako bai shiga taɓo ba, ya tsufa, an yi asarar shekarar.

Kawu ya fusata. Ya ce me mutane za su ce, ƙanwarsa zaune gidan da ba ɗanta, tana noma kamar ba ta da kowa. Ya ce Allah ya ƙaddara zamanta a nan ya ƙare, ta bi abin da aka rubuta. Ta amsa a hankali, "Na yarda an rubuta, Yaya. Amma ba a nuna man takardar ba, kai ma ba a nuna maka ba. Na yi istihara, na ga dai sai in yi wani abu, in na yi shi sannan mu san abin da anka rubuta."

Nan na ga dama ta samu. Na gyara murya na ce gaskiyar Yafendo ce, mace na da 'yancin kanta, don haka ta biyo ni Gusau, har ɗaki na sa an yi mata fenti. Ta juyo ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Ɗiyata, ke da Kawunki duk ɗai kuke. Shi ya zo da mota, ke kin zo da ɗaki. Wa yat tambaye ni?" Kaka ta fashe da dariya har da tafa cinya. Wallahi kunyar da na ji ban taɓa jin irinta a gaban aji ba.

Washegari da safe muka raka ta fadama, Kawu na baya yana cin magani. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ta san gonar ba, sai da ƙanen mijinta ya nuna mata iyaka. Shekara talatin tana turara shinkafar wurin nan, tana shanya, tana surfe, ba ta taɓa ganinta a tsaye ba. Ta tsaya tana kallo ta daɗe, sannan ta ɗage sabon zanen ta zura ƙafa cikin taɓo, Kaka na ihun lallen da ta sha wahalar ɗaurawa. Na matsa na tambaye ta ko ba ta jin tsoro, ga gulbi kusa, ga shi yakan yi ambaliya. Ta ce tsoro kam tana ji, har abinci ba ta iya ci sosai, domin da can in abu ya lalace akwai wanda za ta ce shi ne, yanzu kuwa babu. Wannan fargabar na yi mako biyu ina ƙoƙarin bayyana wa ɗalibai, ga ta a bakin matar da ba ta taɓa zama aji ba.

Da hantsi muka kamo hanya. Na cika but da kifi, a-kori-kura ta sake bin mu tana ƙara. Muka sauke Kaka a Bukkuyum, muka tsaya shan fura a Daki Takwas. Kawu na cikin sha, bai kalli kowa ba, ya ce wa mai a-kori-kura ranar kasuwa ya biyo ta gida, akwai taki buhu biyu da zai kai Gummi. Ya ƙara da cewa ba wai ya yarda ba ne, ba ya son a ce ƙanwarsa ta yi noman banza. Na ci gaba da shan furata, don na lura bakina bai yi sa'a a tafiyar nan ba.

Mun shigo Gusau kafin la'asar, lafiya lau, alhamdu lillahi. Abin da na ƙaru da shi ba mai yawa ba ne, amma ya zauna min. Ana iya danne mutum da alheri kamar yadda ake danne shi da iko, kuma mai alherin ya fi wuyar gane kansa. Na kuma ga imani da ƙaddara bai sauke wa kowa nauyin zaɓi ba, tunda ba wanda ya san rabonsa sai ya taka.

Jiya na kira ta. Ta gama dashe, ita da mata huɗu da ta ɗauka aiki, amma an yi ruwa kwana uku a jere, gulbi ya fara hawa. Na ce to yanzu in ruwa ya ci fa, Yafendo? Ta ce, "In ya ci, gonata yac ci."