Druh Bronek da kofin da ya mayar

Daga ƙasa muka fito, cikinta kuma za mu koma. Ranar Laraba, biyar ga Fabrairun 2025, Allah ya karɓi ran Bronislaw Kuzniar, shugaban 'yan sikawut na garinmu na tsawon shekara arba'in da biyu, yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Mu dai Druh Bronek muke ce masa, kamar yadda 'yan sikawut ke kiran na gaba da su.

Druh, ina cikin aji ina koyar da lissafi matarka Wieslawa ta kira ni. Ba ta taɓa kirana a lokacin aiki ba, shi ya sa na fita baranda na ɗauka. Ta ce tun da safe ka hau gangaren dutsen Magura don ɗaura jajayen ƙyallayen da ke nuna hanyar gasar hunturu, wadda saura kwana uku a yi. Masu saran itace ne suka same ka da tsakar rana, zaune a kan kututture, ka jingina da bishiya, sauran ƙyallayen suna cikin aljihunka. Likita ya ce zuciya ce. Na koma aji na tsaya gaban allo, na rasa inda na tsaya a darasin, sai wata yarinya ta taso ta karɓi allin daga hannuna.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka kawo ni wurinka. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, mahaifiyata kuma ta gaji da ganina a ƙuryar ɗaki. Ranar da za mu fita zangon hunturu na farko na zo da takalmin zuwa coci. Ka dube ni daga sama har ƙasa, ka ce, "Ke Jola, bikin wa za mu je?" Yara suka yi ta dariya, ni kuwa hawaye ya cika idona. Ka shiga rumbun kayanka ka fito da takalmin ɗanka Radek, ka cusa takardar jarida a bakinsa don ya yi mini daidai, ka ba ni safar ulu biyu. Da kanka ka durƙusa cikin dusar ƙanƙara ka ɗaure mini igiyar takalmin, da hannun nan naka na hagu mai yatsa uku, wanda injin tsaga katako ya cinye biyu tun kana saurayi. Takalmin nan shekara biyu na yi da shi, ba ka taɓa tambaya ba.

Kai ka koya mana kafa tanti a kan ƙanƙara, da shimfiɗa rassan itace a ƙasa kafin a kwanta. Kai ka koya mana karanta taswira da ƙulla igiya da safar hannu a hannu. A gasa tsinken ashana uku kawai ake ba kowace tawaga, amma kai ɗaya kake ba mu a wurin horo. Idan ta mutu, ranar shayi mai sanyi za mu sha, kai ma shi kake sha tare da mu, kana yabon daɗinsa don ka ƙara mana haushi. Ba ka iya waƙa ba, kowa ya sani, amma kai ke fara ta. Miyar kabejinka kuwa gishiri ya yi mata yawa shekara arba'in, ba wanda ya iya gaya maka sai Wieslawa, ita ma ba ka ji ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Yau zan faɗa, domin ba shi yiwuwa a san ko kai wane ne ba tare da shi ba.

A hunturun 1996 ina da shekara goma sha shida, ni ce jagorar tawagarmu ta mutum shida. Garinmu bai taɓa cin kofin yankin ba, shekarar kuwa muna kan gaba. Mun hura wuta da ashana ɗaya, mun wuce kowa a ƙullin igiya, saura tsere da taswira zuwa tasha ta ƙarshe. Wajen ƙarfe biyu na rana muna gangarawa ta bakin rafi muka ji usur sau uku daga cikin kwari. Kowane ɗan sikawut ya san ma'anarsa: wani na neman agaji. Yaran suka tsaya suna kallona. Na duba agogo. Na ce musu ai akwai alƙalai a kowace kusurwa, wani zai je, mu wuce. Muka wuce.

Babu alƙali a kusa. Wani yaro ne daga tawagar garin da ke maƙwabtaka da mu, Irek Pasternak, ƙanƙarar rafi ta fashe da shi ya faɗa ruwa har ƙugu. 'Yan tawagarsa sun jawo shi, amma ashanarsu ta jiƙe. Kusan awa guda suka yi suna busa kafin ka ji daga tashar da kake tsaro. Ka gangara, ka cire masa jiƙaƙƙun kaya, ka naɗe shi da rigarka, ka goya shi a baya kilomita uku zuwa hanyar mota. Ya rayu, amma asibiti sun yanke masa yatsun ƙafa biyu.

Da yamma aka tara mu a filin makaranta, aka kira sunan garinmu, na ɗaga kofin ana tafi. A lokacin ka iso, rigar cikinka ta daskare a jikinka. Ka ja ni gefe, ka tambaye ni ta wace hanya muka bi. Na faɗa. Ka tambaya ko mun ji usur. Da na ce ba mu ji ba, da ka yarda, domin ba ka taɓa zarginmu da ƙarya ba. Na ce mun ji.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka miƙa hannu na ba ka kofin, ka kai shi teburin alƙalai ka ajiye, ka ce musu garinmu ya janye. Suka nemi dalili, ka ce, "Laifina ne. Na koya musu gudu, ban gama koya musu tsayawa ba." Ba ka ambaci sunana ba, ranar ko bayanta. Iyayen yara sun yi fushi da kai wata da watanni, har wasu suka janye 'ya'yansu, aka ce tsufa ya fara taɓa ka alhali ba ka kai arba'in da biyar ba. Ka haɗiye duk wannan, ka bar ni da mutuncina.

Abu ɗaya ka nema daga gare ni. Ranar Lahadi ka zo ƙofar gidanmu da tsohuwar motarka, ka ce in sa riga za mu asibiti duba Irek. Na ce ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ka ce ai ba ido za mu kai masa ba, lemo ne. Ka tsaya a baranda ka bar ni na shiga ni kaɗai. Na gaya wa Irek gaskiya ina kuka. Ya juya fuska bango. Lahadi shida muka yi muna zuwa kafin ya amsa gaisuwata. A hanyar dawowa kullum maganar tayar mota da wahalar hunturu a kan tsofaffi kake yi, ba ka taɓa yi mini wa'azi ba. Na so in bar sikawut, ka ce idan na tafi wa zai san darajar usur kamar ni. Bayan shekara ashirin, da gwiwoyinka suka fara ciwo, ni ka miƙa wa ragamar ƙungiyar, ka koma ɗaura ƙyallaye da wasa gatura.

Da labarin rasuwarka ya bazu, iyaye suka ce a soke zangon bana, ni ma haka na gani. Ranar Alhamis na je gida yin gaisuwa, na tarar Wieslawa a kicin tana goge babbar tukunyarka ta zango. Na fara yi mata bayani, ta katse ni. Ta ce, "Jola 'yata, mutumin nan ya hau dutse da ciwon ƙirji don kada yaran nan su ɓata. Yanzu ki ce ba za su bi hanyar ba? Ɗauki tukunyar nan, kuma ki rage gishiri."

Muka tafi ranar Asabar, yara ashirin da uku. Da sassafe ni da manyan cikinsu muka bi hanyar don mu ƙarasa aikinka. Ƙullinka ba ya ɓoyuwa, kullum yakan karkata hagu. Muka yi ta bin su bishiya bayan bishiya har inda suka ƙare, kusa da kututturen. Yaran suka cire huluna cikin sanyin nan, sannan muka ci gaba da ɗaurawa daga nan. Na huɗu muka zo a gasar. Wutarmu sai a ashana ta uku ta kama.

Ranar Litinin muka raka ka. Cocin bai ɗauke mu ba, mutane suka tsaya a waje dusar ƙanƙara na sauka a kafaɗunsu. Na ga direbobi, da ma'aikatan jinya, da wani limamin coci, da waɗanda suka taso daga ƙasashen waje, kowa da tsohon ƙyallen wuyansa na sikawut da ya kwashe shekaru a akwati. Irek ma ya zo, da furfura a gemunsa. Ya nemi Radek ya bar masa gefe ɗaya na akwatin, aka ba shi. Ya ɗauke ka yana ɗan ɗingishi har bakin kabari. Da aka gama ya zo ya riƙe hannuna, ya ce har yanzu yana tuna warin tabar da ke jikin rigarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Wieslawa, wadda ta yi shekara arba'in da bakwai tana raba mijinta da 'ya'yan mutane, tana busar da safunan da ba na gidanta ba. Ina yi wa Radek da Kinga ta'aziyya, ku da kuka yi haƙuri da uban da kowane hutu yana daji, da jikokinsa huɗu, da ƙanwarsa Bogumila. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, ya tsaya muku a ranakun da gida zai yi shiru bayan masu gaisuwa sun watse. Mu ma da ka raina ba tare da ka haifa ba, a yi mana gaisuwa.

Druh, ban taɓa ce maka na gode ba. Sau da yawa na buɗe baki, sai ka kawo maganar igiya ko ta yanayi, na gane ba ka so. Yanzu ba ka da damar katse ni. Na gode.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu madawwami, haskensa ya haskaka maka. Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Jolanta Szafran