Ciyawar da Ba a Yanka Ba

Saveta tana sayar da zuma a bakin hanyar da ta hau dajin dutse, dab da ƙarfen da ma'aikatan daji suka gitta suka danna wa kwado, wai don motocin 'yan birni masu manyan tayoyi su daina farfasa hanya. Yau ga wani tsoho tsaye gaban ƙarfen da keken dokinsa. Ba ta san shi ba. Hularsa ta fatar tunkiya ta koɗe, wuyansa duk jijiya. Dunƙulen gishiri ne a keken, ke nan tumaki na jiransa a sama, kuma da yana da ɗa a gida, da ba shi zai yi hawan nan ba.

A gefen ƙarfen akwai fili, keke zai wuce sarai. Sai dai ciyawar ta kai gwiwa, ba a yanka ba tukuna, kuma a nan ko yaro ba ya taka abin da saniyar wani za ta ci lokacin sanyi. Tsohon ko kallon wajen ba ya yi.

Sai ga jar mota da ruri, ta keta ciyawar tana watsa laka.

"Baba, biyo sawunmu mana!" in ji direban, yana dariya.

"Gonar ubanka ce, mara kunya?" Saveta ta ɗaga murya.

"Bar su, 'yar nan," in ji tsohon. Ya ɗaure dokin, ya saɓa gishirin, ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙarfen, ya kama hawa a ƙafa.

Saveta na hararar kwadon. Tun da aka sa shi, bai taɓa tare kowa ba sai wanda ya san ciwon ciyawa.